Gangaren Baba Sale

Ranar Talatar da ta wuce na shiga Balad, tsohon garin Jidda, neman maganin ido, sai na tarar da wata farar mota ta hau rasif, wato dakalin nan na gefen titi da aka yi wa masu tafiya a ƙasa. Ba hawan kawai ta yi ba, ta zauna daram a kan wani ɗan gangare da na sani tun simintinsa bai bushe ba. Ina tsaye wani dattijo mai sanda ya iso, ya duba dama, ya duba hagu, ya rasa mashiga, ya sauka cikin motoci yana salati. Na ce yau sai na ga wanda iyayensa suka yi asarar tarbiyya haka. Na jingina da bango na jira. Sai ga jikana Fahad ya fito daga wani bene, kwali a hammata, jawwal, wato wayar hannu, a kunne.

"Ya jaddi! Me kake yi a nan?"

"Mai wannan jakin nake jira."

"Daƙiƙa biyar bas, wallah. Kaya na kai sama." Ya yi dariya, ya sumbaci kaina. "Ai sana'arka na gada. Shugul ɗin wahid ne, aiki ɗaya, ɗauki nan, ajiye can. Ku da baya, mu da mota. Bas ku kun sha wahala, don ƙarfi kawai kuke da shi."

Ban yi masa faɗa a nan ba, domin wanda ya koya mini tafiya bai koya mini faɗa a titi ba. Na sa shi ya janye motar, na komo gida unguwar Waziriyya, na ɗauki alƙalami. Wannan rubutu nasa ne, shi da abokansa da ke ɗaukar kaya daga sitocin Khumra. Na san Hausarku ta kunne ce, ba ta ido ba. Ku nemi mai karanta muku, ku kashe jawwal.

Sunana Isa. A Jidda aka haife ni, a Jidda aka haifi uwata. Na yi makarantar gwamnati har ƙarshen firamare, ina shirin wucewa gaba mahaifina ya rasu, karatu ya tsaya. A lokacin ba a daɗe da rushe ganuwar gari ba, tsofaffi suna ta yi wa baƙo kwatance da ƙofofin da babu su. Kawuna ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Sale, ɗan dakon gilashi da madubi a shagon wani ɗan Hadramaut da ake kira Ammu Salim. Baba Sale mutumin ƙasar Haɗeja ne, da ƙafa ya zo aikin hajji ta Sudan yana saurayi, bai koma ba. Siriri ne, ba za ka ce zai iya ɗaga tulu ba. Amma duk kasuwa an san abu ɗaya a kansa: tunda ya fara ɗaukar gilashi bai taɓa fasawa ba, bai kuma taɓa gogar mutum da kaya ba.

Ranar farko na zo ina murza damatsa, ina jiran a ɗora mini abin da zai ba mutane mamaki. Baba Sale ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini wata doguwar gora, ya ce in gicciya ta a kafaɗa.

"Bi ni. Duk wanda gorar nan ta taɓa, ko da bakin rigarsa ne, mu koma ƙofar shago mu sake."

"Baba, ni fa dako na zo koyo. Ina da ƙarfi."

"Jaki ma yana da shi. Ka taɓa ganin an ba jaki madubi?"

Haka muka yi ta zagaya kasuwa da hantsi, lokacin da ta fi cika, ni da gora kamar mahaukacin da ya ɓatar da tulunansa. Na taɓa Bajawe, wato ɗan tsibirin Jawa, na taɓa Baturke, na tuɓe wa wani Ba'indiye hula. Kowane karo Baba Sale ya juya, mu koma. Sai da damina ɗaya ta Jidda ta wuce, wadda ba ta fi ruwa biyu ko uku ba, kafin ya yarda ya ba ni gilashin taga mai faɗin faranti. A wannan zagayen na gane abin da makaranta ba ta faɗa mini ba, cewa kowane mutum yana tafe da wani ɗaki da ba a gani kewaye da shi. Na ɗan kasuwa mai ciki babba ne. Na alhajin da ya sauka daga jirgi jiya ƙarami ne, don tsoro ya matse shi. Na mace ya fi na kowa, kuma ba shi da ƙofa. Aikin ɗan dako shi ne ya ratsa lungun da bai fi faɗin mutum biyu ba, da abin da zai iya yanka wuya, ba tare da ya shiga ɗakin kowa ba.

Kayan aikinmu ba su da yawa, amma kowanne da hukuncinsa. Igiyar kaba mai laushi, wadda ta sha gumi har ta yi santsi, ba a aron ta, ba a kuma tsallaka ta. Matashin baya na buhu da aka cusa wa auduga. Tsumman tafin hannu. Takalmin taya, domin na fata yana zamewa a inda masu ruwa suka yi ɗigo. Sai bargo, wanda shi ne babba. Gilashin kansa yana zuwa daga tashar jirgin ruwa cikin akwatuna, an naɗe shi da ciyawa da tsofaffin jaridu da mujallun Masar da na Sham. Sauran 'yan dako suna kunna wuta da su. Ni nakan miƙar da su in karanta, har wanda aka yage rabinsa. Na san ƙarshen labarai da yawa da ban san farkonsu ba, kuma na lura ba a cika yin asara ba.

Na ce bargo ne babba. Akwai wani madubin amarya da muka kai can cikin Balad, irin mai katakon da aka sassaƙa wa furanni. Kafin mu fita Baba Sale ya lulluɓe fuskar madubin da bargo, ya ɗaure, ya juya ta wajen bango. Na tambaye shi ko don ƙura ne. Ya nuna mini sama da haɓa. Gidajen Balad suna da tagogin katako masu ƙananan ramuka da ake kira roshan, mata suna zaune a bayansu suna ganin waje, na waje ba ya ganinsu. Madubin da aka bari a buɗe yana karkata ya leƙo abin da ido bai isa ya leƙa ba, ya nuna wa duk mai wucewa. Yana ɗauko fuskar matar da ke tahowa ya miƙa wa namijin da ke bayanka. Yana kama rana ya watsa wa jakin mai ruwa a ido, jaki ya zabura. "Madubi ɗan gulma ne," in ji Baba Sale. "Rufe masa baki kafin ka fita da shi."

Sai kuma murya. Ku da ke da maɓalli ɗaya a sitiyari, wanda kuke danna wa kare da limami iri ɗaya, ku saurara. Sa'anka kana ce masa "Balak!" ya kauce. Baƙon alhaji ba ya jin wannan, sai ka ce "Hanya, ya hajji," ka rage sauri, don shi idan ya firgita gabanka yake faɗowa. Dattijo ba a ce masa ya kauce. Kana cewa "Dastur, ya ammi," wato kana neman izini, ka bar masa gefen bango inda inuwa take. Mace ba a yi mata magana ko kaɗan. Kana tsayawa, ka dubi ƙasa, ka ce "Ya Sattar" kamar da iska kake, ita ta san da ita ake, ta wuce, sannan ka ɗaga ƙafa. Mutum biyu suna magana ba a ratsa tsakaninsu ko da ƙofar Aljanna ce a bayansu, sai sun ba ka izini. A madadin duk wannan, gari ya ba mu abu ɗaya: hanya ta mai kaya ce. Babban attajiri da rawaninsa yakan manne da bango idan ya ji "Dastur", ya ce "Allah ya ba da ƙarfi." Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Malamai dai suna karantar da cewa hanya tana da haƙƙi, mutane kuma a lokacin suna jin malamai har a wajen masallaci.

Waɗanda suka fi ba mu wuya, ku yi haƙuri, 'yan'uwanmu ne sababbin zuwa. Wata rana muna ɗauke da gilashin kantin wani mai sayar da turare, ni a baya Baba a gaba, sai wani alhaji daga ƙasar Haɗeja ya gane shi. Nan take ya cire takalmi ya durƙusa a tsakiyar lungu, daidai ƙafar Baba.

"Baba Sale! Ashe rai kan ga rai! Ina gajiya? Ina iyali? Yaya bayan rabuwa?"

"Lafiya lau, tashi."

"Mutanen gida duk suna gaishe ka. Inna Hajara ta ce..."

"Alhaji, ka ga abin da ke bisa kanka? Idan ya sauko, Inna Hajara za ta ji labarinka, ba kai za ka kai mata nawa ba. Bi mu a baya, ka yi gaisuwar kana tafe."

Haka ya biyo mu har shagon turare yana jero sunayen waɗanda suka mutu da waɗanda suka haihu, Baba yana amsa masa da "Allah ya ji ƙai" da "Allah ya raya" tsakanin "Balak" da "Dastur". Ladabin da ya yi daidai a ƙofar gida a Haɗeja, a lungun Jidda yana iya raba mutum da kunne. Wannan ma ilmi ne, Fahad, kuma ba a damatsa yake ba.

Na yi shekaru a haka har na zama magidanci. Sannan kuɗin mai suka yi yawa, gari ya fashe ya bazu, aka shiga faɗaɗa tituna ana yi musu rasif. Na karanta a jarida cewa an yi shi ne domin mutuncin mai tafiya a ƙasa. Ban taɓa ganin alkawarin da aka karya da wuri kamar wannan ba. Kafin siminti ya bushe masu shaguna sun fito da akwatunansu sun cinye rabi. Masu motoci suka hau sauran. Aka yi bakinsa da tsayi saboda ruwan sama, har tsoho sai ya dafa gwiwa kafin ya hau. Mu kuwa, idan muka bi titi direbobi su zage mu, idan muka hau rasif ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, su ce kaya ba na nan ba ne. A lungu kowa ya san matsayinsa domin dole ce ta haɗa mu. A rasif kowa ya ɗauka an ba shi gado. Mutane suka daina jin "Dastur". Wannan ita ce muguwar shekararmu, ba yunwa, ba annoba, rashin kunya kawai.

A shekarar ne Umar, ɗan Ammu Salim, ya sayo wanet, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya, ya fara cewa 'yan dako sun zama tarihi. A gabanmu yake faɗa, kamar muna cikin kayan shago. Ubansa ya ja carbi ya ce, "Muddin Sale bai fasa ba, ba zan karɓi igiyarsa ba." Dama al'adar sana'ar ke nan, wanda ya fasa babban madubi yakan naɗe igiyarsa ya ajiye a kan teburin mai shago, ba sai an ce masa ba. Umar ya ji wannan magana ya adana ta. Daga ranar kowa ya san abincin Baba Sale, da nawa, a kan fashewa ɗaya yake rataye. Ita kuwa wanet, a watanninta na farko ta fasa abin da Baba bai fasa ba tun zuwansa Hijaz. Ba wanda ya ce ta ajiye igiya. Sai a ce ramin titi ne. Mota ba ta da mutuncin da zai zube, shi ya sa ake yafe mata.

A cikin masu shimfiɗa rasifin akwai wani shugaban leburori, mutumin ƙasar Meksiko, gajere mai gashin baki, yana aiki da wani kamfanin ƙasar waje. Sunansa Ramiro, Baba Sale ya mayar da shi Rabi'u, shi ma ya amsa. Yadda muka san shi, wata rana ni da Baba muna tsaye muna magana a bakin shago, mun tare hanya ba mu sani ba. Wannan mutum ya iso, ga wuri a tsakaninmu da zai ishe shi wucewa, amma ya tsaya. Ya ɗan sunkuyar da kai, ya faɗi wata kalma da harshensu, ya jira. Baba ya matsa, mutumin ya wuce, ya sake faɗin wata. Baba ya bi shi da kallo.

"Isa, wannan Nasaran wa ya rene shi? Dastur fa ya yi mana."

Daga nan muka saba, mukan sha shayi tare a gahawar kusa da shago, wato ɗakin mai shayi. Larabcinsa irin na wurin aiki ne, guntu-guntu, amma yana isar da saƙo. Ya ce a garinsu yaro ba ya ratsa tsakanin mutum biyu, ko ya tashi daga cikin mutane, sai ya nemi izini, su kuma su amsa masa. Ya ce idan namiji yana tafe da mace ko da dattijo, shi ne zai bi gefen motoci ya bar musu gefen bango, wanda bai yi haka ba za a ce ba a haife shi a gida ba. Na tambaye shi ko rasifinsu a share yake. Ya yi dariya har ya ƙware. Ya ce masu tuya da masu sayar da 'ya'yan itace sun cinye rabi, sauran rabin kuma iyali guda ne suka jeru kafaɗa da kafaɗa, kaka da jikoki, suna tafiya kamar ba za a mutu ba, kai na baya sai ka nemi izini ko ka koyi haƙuri.

"Ashe ku ma Takari ne," in ji Baba Sale.

Abu ɗaya ne ya hana su daidaita. Rabi'u idan yana magana sai ya matso har ka ji ƙamshin abin da ya karya da shi, ya dafa maka hannu, idan zance ya yi daɗi ya rungume ka ya bubbuga maka baya. Baba kuwa Bahaushen da ne, tsakaninsa da abokin magana sai a shimfiɗa tabarma. Rabi'u ya matso taki ɗaya, Baba ya ja da baya taki ɗaya, har su ƙure gahawa.

"Ya Rabi'u, kunnena lafiya lau. Daga nan ma ina ji."

Na daɗe ina tunanin wannan. Mutumin da ba zai ratsa ta gabanka ba sai da izini, shi ne kuma zai rungume ka ba sallama. Kowace al'umma da faɗin ɗakinta. Abin da na ga sun haɗu a kai, daga Haɗeja har Meksiko, shi ne akwai ɗakin, kuma ana ƙwanƙwasawa.

Da matar Rabi'u ta kusa zuwa, ya sayi babban madubi a shagonmu, mai tsayin mutum, za a kai masa gidan da ya kama a unguwar Bagdadiyya. Umar ya ce a sa a wanet. Rabi'u ya ce a'a, ya ga yadda wanet take sauke kaya, Baba Sale yake so. Muka lulluɓe shi, muka ɗaure, muka rataya shi a tsaye tsakaninmu, Baba a gaba ni a baya. Da hantsi ne. Muka fita daga lungunan Balad lafiya, muka hau sabon rasifin babban titin da ya nufi arewa. Rabi'u yana tafe a gefenmu ta wajen motoci, ya bar wa dattijo bango kamar yadda aka koya masa.

Muka iso inda wani mai shago ya tara akwatunan lemo, hanya ta tsuke. Sai ga wata mata tana tahowa riƙe da hannun 'yarta ƙarama. Baba ya tsaya, ya ce "Ya Sattar," muka matsa da madubin bakin rasif don su wuce ta jikin bango. Rabi'u ya sauka titi ya ba mu wuri. Suna daidai tsakiyar madubin ke nan sai wani saurayi ya taho daga bayana, farar riga mai guga, jakar takardu a hannu, irin sababbin ma'aikatan ofis. Bai ce dastur ba, bai ce balak ba, bai ko yi tari ba. Ya kutsa ta ɗan bakin da ya rage a gefen titi, ya bangaji katakon da kafaɗa. Madubi ya karkata, ya nufi kan yarinyar.

"Isa, saki!"

Na saki. Da ban saki ba da mun ja shi biyu, ya tsage a kanta. Baba ya rungumo nauyin duka ya fizgo shi wajen titi, ya ja ƙafa baya don ya tokare. A lungun Balad da ƙasa ce za ta tare shi, ya yi haka sau ba adadi. A nan babu komai sai iska. Ya faɗa titi ta ƙugu, madubin ya bi shi. Ƙarar da ya yi a cikin bargo ba ta da yawa, kamar an taka busasshen ganye. Rabi'u ya daka tsalle tsakiyar titi ya buɗe hannuwa yana tare motoci yana ihu da harshensu. Yarinyar ko ƙwarzane ba ta yi ba. Uwar ta janye ta tana cewa, "Allah ya suturta ka, ya ammi, Allah ya suturta ka."

Saurayin ya waiwayo. Ya duba kafaɗar rigarsa, ya kaɗe ta, ya jefi Baba da kalmar da ake raina baƙar fata da ita.

"Ba ka gani ne, ya Takruni? Rasif na mutane ne."

Ya wuce. Na karanta littattafai da dama daga baya, na koyar da yara nahawu, amma har yau ban sami jumlar da ta tara jahilci mai yawa a kalmomi kaɗan kamar wannan ba. Mutumin da ya koya wa rabin kasuwa yadda ake wuce ɗan Adam yana kwance a kwalta, wanda ko tari bai iya ba yana gaya masa waye mutum.

Aka ɗaure wa Baba hannu a wani ƙaramin asibiti, aka ce ƙugun sai a hankali. Ya ce a kai shi shago tukuna. Muka shiga da shi yana dafe da ni. Rabi'u ya riga mu magana, ya ce asarar tasa ce, shi ya sayi madubi, shi ya gina bakin rasifin da tsayi, kada a taɓa dattijo. Ni ma na faɗi abin da na gani. Ammu Salim yana jan carbi bai ɗago ba. Umar ya ce wa ubansa a hankali, "Yaba, kai ka faɗa da bakinka."

Ba wanda ya kori Baba Sale, wannan ina so a rubuta daidai. Shi ya kwance igiyarsa da hannu ɗaya, ya naɗe ta yadda yake naɗe ta kullum, ya ɗora a kan tebur.

"Ya Sale," in ji Ammu Salim, "ka san ba laifinka ba ne."

"Na sani, ya shaikh. Madubi ana yanko wani. Fuskar 'yar mutane ba a yankowa. Ko yau aka sake, haka zan yi. Amma na fasa."

Ammu Salim yana iya tura masa igiyar ta koma. Hannunsa yana kusa da ita, na gani. Ya dubi ɗansa, ya ci gaba da jan carbi.

Ban daɗe ba ni ma na bar shagon, na koma koyar da yaran unguwa, inda na tsufa. Baba bai sake miƙewa sosai ba. Ya koma sayar da asuwaki a ƙofar wani masallaci, a kan rasif, inda ma'aikatan baladiyya suke zuwa lokaci-lokaci su kore shi, wai yana tare hanya. Shi.

Rabi'u kuwa, bayan 'yan makonni ya zo da leburorinsa da sassafe, ya fasa bakin rasifin daidai inda Baba ya faɗi, ya zuba gangare mai laushi wanda tsoho zai sauka ba tare da ya dafa gwiwa ba. Babu shi a zanen injiniya, an ce ya sha faɗa a kai. Da ya bushe ya zo ya ɗauki Baba ya kai shi ya gani, yana tafe a gefen motoci. Baba ya ƙwanƙwasa simintin da sanda, ya sauka, ya hau, ya sake sauka.

"Aiki ya yi kyau, Rabi'u. Saura a gyara masu tafiya."

Rabi'u ya rungume shi ya bubbuga masa baya. Wannan karon Baba bai ja da baya ba. Wataƙila don sandar ce, ban tambaye shi ba.

An sake shimfiɗa rasifin nan ba sau ɗaya ba tun daga lokacin, amma kowane ɗan kwangila yana bin sawun na gabansa ba tare da ya tambayi dalili ba, don haka gangaren yana nan. Masu keken guragu suna bi, mata masu turin jarirai suna bi, ba wanda ya san sunan kowa. Ba komai, ba don a sani aka yi ba.

To, Fahad, ka ce sana'ata ka gada. Ban ƙi ba. Amma abin da ka ɗauka gadon, wato ɗauki nan ajiye can, shi ne rabon jaki a cikinta, kuma ka ba mota. Sauran yana nan yana jiranka. Idan ka sake kai kaya Balad, ka bar motarka a titi cikin 'yan'uwanta, ka taka da ƙafa, ka buɗe baki ka nemi izini. Daƙiƙa biyar ɗin da ka ce, dattijon nan mai sanda a cikin motoci ya yi su. Wurin da ka ɗora tayarka kuwa ba na baladiyya ba ne. Da ƙugun mutum aka saye shi.